Taswira Mai Lamba 3433: Yadda Najeriya da Kamaru Suka Nemo Tushen Awon Iyakarsu ta Teku

A ranar 10 ga Oktoba 2002, Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke hukunci a kan rikicin iyaka tsakanin Kamaru da Najeriya, bayan shari'ar da ta ci shekara takwas da rabi. Abin da jama'a suka riƙe daga wannan hukunci shi ne cewa Bakassi ta koma hannun Kamaru. Sai dai hukuncin ya fi Bakassi faɗi nesa ba kusa ba, domin ya bi iyakar tun daga tsakiyar Tafkin Cadi har cikin Tekun Atlantika. A ɓangaren teku, kotun ta ambaci wani matsayi da ake kira G, ta ce yana kan digiri 8 da minti 22 da sakan 19 gabas, da digiri 4 da minti 17 arewa. Daga nan iyakar ta nufi yamma sak zuwa wani matsayi da aka kira X, a kan digiri 8 da minti 21 da sakan 20 gabas, sannan ta karkata kudu zuwa cikin teku.

Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ɗauka magana ta ƙare, sai dai kawai a shiga jirgin ruwa a je wurin. Amma ma'aikatan safiyo da suka karanta hukuncin sun lura da wani giɓi: kotun ba ta faɗi bisa wane tushen awo aka ba da alƙaluman ba. Taswirar da aka ciro su daga cikinta, wato taswirar teku mai lamba 3433 ta hukumar sojojin ruwan Birtaniya, ita ma ba ta warware wannan tambaya ba. Aka wayi gari ƙasashe biyu suna riƙe da lambobi iri ɗaya, amma babu wanda zai iya nuna takamaiman wurin da lambobin suke nufi a kan ruwa.

Kafin a gane girman wannan giɓi, sai an san abin da ake nufi da tushen awo, wanda masana suke kira datum. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san cewa "mudu goma" ba cikakkiyar magana ba ce har sai an san mudun wace kasuwa ake nufi. Haka lamarin yake ga layukan da ake auna matsayi da su a doron ƙasa, wato latitud, mai nuna nisan wuri arewa ko kudu, da longitud, mai nuna nisansa gabas ko yamma. Duniya ba mulmulalliyar ƙwallo ba ce. Ta ɗan baje a tsakiya, ta ɗan lotsa a ƙuryar arewa da ta kudu, ga kuma tuddai da kwaruruka. Ba a iya yin lissafi a kan irin wannan siffa, saboda haka masana suke ƙirƙiro wata sumul ɗin siffa ta lissafi mai kama da duniya, su yi awo a kanta. Matsalar ita ce irin wannan siffa ba guda ɗaya ba ce. Wadda Baturen Birtaniya Alexander Ross Clarke ya lissafa a 1880 ta ɗauka cewa daga cibiyar duniya zuwa layin da ya raba ta biyu akwai mita 6,378,249. Wadda na'urorin GPS suke aiki da ita a yau, mai suna WGS 84, ta ɗauki mita 6,378,137. Bambancin mita 112 ke nan tun kafin a fara awon komai.

Zaɓen siffar kuma rabin aiki ne. Dole a kafe ta a wani wuri sananne a ƙasa, inda za a duba taurari a tantance matsayinsa, sannan a riƙa auna sauran wurare daga gare shi ta hanyar jera kusurwoyi uku-uku, daga wannan tsauni zuwa wancan. A Najeriya, Turawan mulkin mallaka sun kafe siffar Clarke ta 1880 a wata tashar awo da ke Minna, wadda aka yi wa lamba L40. Daga nan aka samu tushen awon Minna, wanda taswirorin ƙasar suka dogara a kansa shekaru da dama. Idan aka ɗauki alƙaluman da aka auna bisa tushen Minna aka shigar da su cikin na'urar GPS ba tare da an juya su ba, na'urar za ta kai mutum wani wuri da ya kauce wa na ainihi da abin da ya kama daga mita 80 zuwa sama da 100, gwargwadon yankin ƙasar da yake.

A Kamaru lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Ƙasar ta ga mulkin Jamus, sannan na Faransa da Birtaniya, kuma aka bar ta da tushen awo da yawa, kowanne da yankinsa: akwai na Duwala na 1948, da na Manoka na 1962 a gaɓar teku, da na Garwa da na Kusseri a arewa. Ba dukkansu ne ma suke kan siffar duniya iri ɗaya ba. Ke nan a bakin kogin da ya raba ƙasashen biyu, wuri ɗaya yana iya samun alƙaluma uku ko huɗu, kuma kowanne daidai ne a bisa ma'auninsa.

Asalin iyakar kanta ya girmi duk waɗannan ma'aunai. Yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris 1913 ce ta bayyana iyakar daga Yola zuwa teku, ta kuma bi da ita ta kogin Akwayafe, abin da ya bar Bakassi a ɓangaren Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba Kamarun Jamus tsakanin Birtaniya da Faransa, aka bayyana sabon layin a sanarwar Milner da Simon ta 1919, aka ƙara fayyace shi a sanarwar Thomson da Marchand, wadda gwamnatocin biyu suka tabbatar ta musayar wasiƙu a 1931. Mutanen da suka rubuta waɗannan takardu sun fi dogara da koguna da tsaunuka da sunayen ƙauyuka. Inda suka ambaci digiri da minti, daga taswira suka karanto, musamman taswirar Bajamushe Max Moisel mai ma'aunin 1:300,000, wadda milimita ɗaya a kanta take daidai da mita 300 a ƙasa.

Masu awon wancan zamani ba sakaci suka yi ba. Latitud yana da sauƙin samu daga tsayin tauraro a sararin sama. Longitud kuwa sai da agogo, domin ana gano shi ne ta kwatanta lokacin wurin da mutum yake da lokacin Girinic. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, saboda haka idan agogon mai awo ya yi kuskuren sakan ɗaya tak, matsayin da ya lissafa zai goce da kusan mita 460 a wannan yanki na duniya. Agogon da ya sha jijjiga a bayan raƙumi ko a kan ɗan dako wata da watanni, cikin zafi da ƙura, ba abin mamaki ba ne ya yi kuskuren da ya fi haka. Da irin waɗannan kayan aiki ne tawagar Tilho ta Faransa da takwararta ta Birtaniya suka shata iyakar da ta ratsa ƙasar Hausa daga kogin Kwara zuwa Tafkin Cadi tsakanin 1906 da 1908. Abin da ya ceci aikinsu shi ne sun kafa alamomi a ƙasa, waɗanda za a iya komawa a gani da ido. Wannan ne ma dalilin da ya sa takardar 1919 ta ba da latitud na mahaɗar iyakoki a Tafkin Cadi kai tsaye, digiri 13 da minti 5 arewa, amma da ta zo kan longitud sai ta ce kimanin digiri 14 da minti 5 gabas. Kalmar "kimanin" gaskiya ce ta masu sanin iyakar iyawarsu.

A hukuncin 2002 kotun ta cire wannan "kimanin", ta tsayar da longitud ɗin mahaɗar a kan digiri 14 da minti 4 da sakan 59.9999, adadin da ya fito daga aikin shata iyaka da Hukumar Tafkin Cadi ta sa aka yi tsakanin 1988 da 1990. Tazarar da ke tsakanin wannan adadi da digiri 14 da minti 5 cif ba ta wuce milimita uku ba, wato faɗin ƙwayar dawa. Akwai abin murmushi a nan: an rubuta adadi mai ƙididdige milimita a kan matsayin da aka fara karantowa daga taswirar da bakin fensir ɗaya a kanta yake rufe gonaki da yawa.

A doron ƙasa dai akwai mafita, domin kogi yana nan, dutse yana nan, tsofaffin gari kuma suna tuna inda aka kafa alama. A teku babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Can alƙaluma su ne iyakar, kuma a nan ne taswira mai lamba 3433 ta shigo cikin tarihi.

Bayan yaƙin basasar Najeriya, ƙasashen biyu suka zauna don shata iyakarsu ta ruwa, a lokacin da neman man fetur a gaɓar tekun ya fara kankama. A ranar 4 ga Afrilu 1971, a Yawunde, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahidjo suka amince da wani layin sasantawa da aka zana a kan wannan taswira, wadda take nuna mashigar Kalaba, suka kuma sa hannu a kanta. Daga baya aka karanto matsayi goma sha biyu daga layin, aka ba su lambobi daga 1 zuwa 12. A ranar 1 ga Yuni 1975 shugabannin biyu suka sake haɗuwa a Marwa, suka miƙa layin daga matsayi na 12 har zuwa G, a kan taswirar dai. An ma gano kuskure a alƙaluman ɗaya daga cikin matsayin, wato B, aka gyara shi ta musayar wasiƙu a watannin Yuni da Yuli na shekarar. A ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, kuma daga baya Najeriya ta ce sanarwar Marwa ba ta hau kanta ba, tunda Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta tabbatar da ita ba. An yi arangama a yankin a 1981, aka sake yi daga ƙarshen 1993, har Kamaru ta kai ƙara a ranar 29 ga Maris 1994. Kotun ta ƙi karɓar hujjar Najeriya, ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya wadatar, ta tabbatar da layin Yawunde da na Marwa yadda suke a kan taswirar.

Me ya sa taswirar da hukuma mai daraja irin wannan ta buga za ta rasa sanannen tushen awo? Amsar tana cikin manufar da aka yi ta dominta. Taswirar teku ta matuƙin jirgi ce. Abin da yake buƙata shi ne ya san inda yashi ya taru, inda ruwa yake da zurfi, da nisan da ke tsakaninsa da fitilar gaɓa ko bakin kogi da yake hange da idonsa. Muddin waɗannan abubuwa suna daidai a tsakaninsu, bai dame shi ba ko taswirar gaba ɗaya ta goce da mita ɗari ko ɗari biyu daga inda take a duniya. Taswirorin gaɓar Afirka ta Yamma da yawa an harhaɗa su ne daga awon da jiragen ruwa suka yi a lokuta daban-daban, kowane awo a jingine da taurarin da aka duba a wani wuri na kusa. Shi ya sa har bayan zuwan GPS akan ga gargaɗi a gefen irin waɗannan taswirori cewa ba a iya tantance bambancin da ke tsakanin matsayin da tauraron ɗan'adam ya bayar da wanda yake kan takardar ba. A 1971 da 1975 wannan bai zama abin damuwa ba, domin kowa da takardar yake aiki. Zuwa 2002 kuwa kamfanonin mai suna kafa rijiyoyinsu da GPS, suna sanin matsayinsu da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. Sakan ɗaya na latitud kusan mita 31 ne, kuma tazarar G da X gaba ɗaya ba ta kai kilomita biyu ba. A yankin da rijiyoyin mai da filayen haƙo suke maƙwabtaka da juna, gocewar mita ɗari a tsawon layi mai kilomitoci da dama ba ƙaramar dukiya ba ce.

Ma'aikacin safiyo da aka miƙa wa alƙaluman da ba a san tushensu ba yana da hanyoyin bincike, kuma yakan fara da manyan kurakurai kafin ƙanana. Da farko yakan dubi siffar lambobin. Idan ƙanana ne, kamar 8 da 4, digiri ne. Idan sun kai dubu ɗaruruwa, to an shimfiɗa duniya a kan takarda an auna da mita ko ƙafa, sai a nemi wane tsarin shimfiɗawa aka bi. Najeriya, alal misali, tana da tsarinta mai shiyya uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, waɗanda layukan tsakiyarsu suke kan digiri 4 da rabi, da 8 da rabi, da 12 da rabi gabas, ban da tsarin UTM na duniya wanda ya raba ƙasar cikin shiyyoyi na 31 da 32 da 33. Idan aka ɗauki shiyyar da ba ita ba, gari yakan faɗa ɗaruruwan kilomitoci nesa da mazauninsa, kuma irin wannan kuskure ba ya ɓuya. Haka nan tsofaffin taswirorin Faransawa da suke ƙirga longitud daga Faris maimakon Girinic: bambancin digiri 2 da minti 20 ne da 'yan sakanni, wanda ya kai kusan kilomita 260 a kusa da tsakiyar duniya. Wanda ya ga Garwa ta koma cikin Najeriya ya san inda zai nemi laifin.

Kuskuren tushen awo shi ne mai wuyar kamawa, saboda ƙanƙantarsa. Taswira takan fito da kyau, kogi yana inda ake tsammaninsa, sai dai komai ya matsa gefe guda da mita tamanin ko ɗari. A nan mai bincike yakan koma ga takardu: wace hukuma ce ta yi awon, a wace shekara, me aka rubuta a gefen taswirar. Sannan ya gwada tushen awon da ake zato ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ne ya sa alamomin suka hau kan mazauninsu. Idan duk wannan bai yi ba, saura hanya ɗaya, wadda ita ce mafi tsada kuma mafi tabbas: a je wurin. A nemi abubuwan da suke kan taswirar kuma har yanzu suna tsaye a ƙasa ba su motsa ba, a auna su da GPS, a kwatanta da alƙaluman da taswirar ta ba su. Bambancin da ya yi ta maimaituwa a wurare da yawa shi ne gocewar taswirar. Da shi za a juya sauran alƙaluman, har da na wuraren da suke tsakiyar ruwa inda babu abin da za a dafa. Ba a gano sunan tsohon tushen awon ta wannan hanya, amma an gano dangantakarsa da sabon, kuma ita ce abin buƙata.

Wannan hanya ta ƙarshe ce Najeriya da Kamaru suka bi. Bayan hukuncin, Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka haɗu da Kofi Annan a Janiba a watan Nuwamba 2002, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin jagorancin Ahmedou Ould-Abdallah, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Afirka ta Yamma. Hukumar ta kafa ƙaramin kwamiti na iyakar teku, kuma ƙwararrun ƙasashen biyu da na Majalisar suka fita fili tare domin ɗaure taswira mai lamba 3433 da tsarin WGS 84. Aikin ba shi da sauƙi a irin wannan gaɓa. Bakin kogunan yankin laka ne da dazuzzukan itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, gaɓar tana ci tana cikowa, kuma abin da taswira ta nuna a matsayin tsinin ƙasa shekaru da dama da suka wuce yana iya kasancewa ya matsa ko ya nutse. Dole a bambance gocewar da ta fito daga tushen awo da wadda ta fito daga sauyin ƙasar kanta. Akwai kuma abin da ya fi lissafi nauyi: kowane ɓangare ya san cewa zaɓen wannan alama a bar waccan yana iya tura layin gabas ko yamma. Saboda haka fita tare da auna tare ya zama sharaɗi, domin sakamakon da ɓangare ɗaya ya kawo shi kaɗai, ko da daidai ne, ɗayan ba zai karɓa ba.

Ana iya ganin laifin kotun a nan, kuma masana harkar iyakokin teku sun gani. Da ta nemi shawarar ƙwararren mai awon teku a fili, ta rubuta jimla ɗaya game da tushen awo, ko kuma ta faɗa ƙarara cewa taswirar ba ta da shi, da ta rage wa ƙasashen wahala. A ɗaya gefen kuma, ba kotun ce ta zana layin 1971 da na 1975 ba. Ta tarar da su a kan takardar da shugabanni biyu suka sa wa hannu, kuma da ta ɗora musu wani tushen awo da kanta, da ta matsar da iyakar da aka ce ta tabbatar. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne sabon layin da ita kanta ta ƙirƙiro daga G zuwa X da abin da ya biyo baya, wanda ta lissafa daga wurare biyu na gaɓa da ta karanto daga bugun 1994 na wannan taswira. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun kiyaye wannan. A shari'ar Romaniya da Yukren ta 2009 kotun ta faɗi cewa alƙalumanta bisa WGS 84 suke, haka ma kotun dokokin teku ta yi a shari'ar Gana da Kodebuwa a 2017.

Sauran sassan hukuncin sun ci gaba a nasu lokacin. An yi musayar ƙauyukan yankin Tafkin Cadi a watan Disamba 2003. An sa hannu a yarjejeniyar Greentree a ranar 12 ga Yuni 2006, wadda ta tsara janyewar Najeriya daga Bakassi, aka kuma kammala miƙa yankin a ranar 14 ga Agusta 2008. Iyakar ƙasa, mai tsawon kimanin kilomita dubu biyu, ta ɗauki shekaru masu yawa ana bin ta da hotunan tauraron ɗan'adam ana kafa ginshiƙan kankare. Iyakar teku kuwa hukumar haɗin gwiwa ta amince da ita a 2007, bayan an juya dukkan matsayin, daga na 1 zuwa na 12, daga A zuwa G, har da X, zuwa tsarin WGS 84. Shekara 36 ke nan bayan ranar da Gowon da Ahidjo suka sa hannu a kan taswirar a Yawunde.